Aro da Rance a Bakin Bature: Lacca kan Kalmomin Turanci Masu Rikitarwa

Assalamu alaikum. Ɗalibai, na baya ku matso, muryata ba ta da ƙarfi yau.

Jiya a ƙofar aji na ji wata tana ce wa ƙawarta, "Borrow me your biro." Ban tsawata mata ba, domin Hausa take yi da bakin Turanci. A wurinmu aro yana tafiya ta kowane ɓangare. Na ari biro, ara mini biro, tushe ɗaya ne, wutsiyar kalmar kawai ke juyawa. Shi kuwa Bature ya raba su. Wanda ya karɓa shi ya yi borrow, wanda ya miƙa shi ya yi lend. Abin da ya kamata ta ce shi ne "Lend me your biro," ko kuma "Can I borrow your biro?" Kafin ku buɗe baki, ku dubi inda biron ya nufa.

Kada ku ɗauka sun fi mu iya tantancewa. In maƙwabciya ta aiko yarinya a ba ta turmi, aro ne, turmin nan dai shi zai dawo. In mudun gero ta aiko nema, ko naira 500, wannan rance ne, don wani geron za ta biya, wancan ya riga ya zama fura. Bature duka borrow yake cewa, ba ruwansa. Mu kayan muka duba, shi hannun mai bayarwa da na mai karɓa ya duba.

Sai advice da advise. Mai c suna ne, shawarar kanta. Mai s aikatau ne, ba da shawarar, kuma ƙarshensa kamar z ake furta shi. Haka practice da practise suke ta fuskar suna da aikatau a Turancin Ingila da muka gada a makarantunmu, amma Amurkawa sun dunƙule su a practice. Shi ya sa waya kan ja wa practise jan layi alhali ba ku yi kuskure ba.

Loose kuwa wandon da ya yi maka yawa ne, lose kuma ɓatar da abu, o ɗaya tak.

Allina ya ƙare. Kai mai farar hula, a ce kai ne ni, roƙi na kusa da kai alli da Turanci mu ji.