Amsoshin Tambayoyinku: Dala miliyan 700 kan ɗan wasa ɗaya, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Jakar wasiƙunmu ta wannan mako ta karkata ne ga wasanni, amma ba tamaula ba. Wasan besbol ne na Amurka, wanda da yawanmu sai dai mu gan shi a talabijin mu wuce.

Wasiƙar farko daga wani malamin makaranta ce a Damagaram. Yana cewa ya ji an ce wata ƙungiya a Amurka ta ɗauki wani ɗan Japan kan dala miliyan 700. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me yake yi da ya kai wannan kuɗi, kuma ƙungiyar ba ta tafka asara ba?

To malam, gaskiya ne. Sunan ɗan wasan Shohei Ohtani, haifaffen 1994 a lardin Iwate da ke arewacin Japan, kuma ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Angeles ce ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da shi a watan Disamban 2023. Sai dai kafin mu shiga batun kuɗi, bari mu ɗan fayyace wasan. Mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo da ƙarfi, wani daga ɗaya ƙungiyar ya tare ta da gora ya buga, sannan ya sheƙa da gudu yana zagaya matsaya huɗu. In ya kewayo gida an ci maki ɗaya. Jifa sana'a ce daban, bugu ma sana'a ce daban, kuma a babbar gasar Amurka kowa da wadda ya ƙware a kai. Ohtani shi yana yin duka biyun, kuma a kowacce yana sahun gaba. Rabon da a ga mai yin haka a wannan mataki tun zamanin Babe Ruth, kusan shekara ɗari ke nan. Wato da albashi ɗaya an samu ma'aikata biyu.

Yanzu ga inda lissafin yake da daɗin ji. Wannan miliyan 700 ɗin ba kuɗin sayen ɗan wasa ba ne irin yuro miliyan 222 da PSG ta biya don ta raba Neymar da Barcelona a 2017. Kwantiragin Ohtani da tsohuwar ƙungiyarsa ya riga ya ƙare, don haka kuɗin duka albashinsa ne. Kuma ba yanzu zai karɓa ba. Dala miliyan 2 kacal ake ba shi a shekara. Sauran miliyan 680 ɗin sai daga 2034 zuwa 2043, miliyan 68 kowace shekara, ba tare da kuɗin ruwa ba. Duk ɗan kasuwa ya san dalar da za a ba ka nan da shekara goma ba ta kai ta hannunka yau daraja ba, shi ya sa a lissafin hukumar gasar yarjejeniyar ta tsaya a kusan miliyan 460. Rahotanni sun ce shi Ohtani da kansa ne ya kawo shawarar a jinkirta biyan, don ƙungiyar ta samu sukunin ɗauko wasu gwanayen. Ba yunwa zai ji ba, abin da yake samu daga tallar kamfanoni ya ishe shi har ya yi kyauta.

Asara kuwa, zuwa yanzu babu alamarta. A kakar 2024 bai ma yi jifa ba saboda tiyatar da aka yi masa a gwiwar hannu, amma ya buga ƙwallo ta haye katangar fili, bugun da ke ba mai shi damar kewayo gida kai tsaye ya ci maki, sau 54, ya kuma saci matsaya sau 59, wato ya zarce zuwa matsaya ta gaba kafin a farga. Ba a taɓa samun wanda ya haɗa hamsin da hamsin a kaka ɗaya ba sai shi. Dodgers ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun gasar, a 2024 a hannun Yankees ta New York, ta sake ɗauka a 2025 bayan wasa bakwai da Blue Jays ta Toronto. A wajen fili kuma, kamfanonin Japan irin su All Nippon Airways da Daiso da Toyo Tires sun yi layi suna sayen gurbin talla a filin ƙungiyar, 'yan kallo kuma sun haura miliyan 4 a 2025. A wurin Dodgers dai, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har da canji.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kumasi, kuma da alama ta fi mu bin wasan. Tana cewa, in har Ohtani ya kai yadda ake zuzuta shi, me ya hana ƙungiyar da ya baro cin komai a shekara shidan da ya yi mata?

Hajiya, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ohtani ya buga wa Angels wasa daga 2018 zuwa 2023, kuma ba shi kaɗai ba, yana tare da Mike Trout, wanda sau uku ana zaɓensa gwarzon shekara. Amma a cikin shekarun nan shida babu kakar da wasannin da suka ci suka fi waɗanda aka cinye su yawa, balle a yi zancen zuwa zagayen neman kofi. Dalilin yana cikin tsarin wasan kansa. A tamaula, in wuya ta yi wuya, sai a yi ta tura wa gwanin ƙwallo. A besbol babu wannan. Masu bugu tara ne a jere, kowa sai layi ya zo kansa. Komai ƙwarewarka, sau huɗu ko biyar za ka riƙe gora a wasa, sauran lokacin kana zaune kana kallon abokan wasanka suna ɓarin dama. Mai jifan da ke buɗe wasa kuma sai ya huta kwana huɗu ko fiye kafin ya sake fitowa. A kakar da ake buga wasa 162, masu lissafin wasan suna ƙiyasta cewa babban gwani yana ƙara wa ƙungiya nasara takwas zuwa goma a kan abin da ɗan wasa gama-gari zai kawo. In ƙungiyarki mai cin wasa 88 ce, goman nan ita ce tazarar da ke tsakaninta da neman kofi. In mai cin 65 ce, an dai tashi daga baya an koma kusa da baya.

Ba yau aka fara ba. A 2000 ƙungiyar Rangers ta Texas ta ba Alex Rodriguez dala miliyan 252 na shekara 10. Ya yi wasa ba laifi, har ya zama gwarzon shekara a 2003, amma duk shekara ukun da ya yi can ƙungiyar ce ta ƙarshe a rukuninta. Kuma ki lura, ko a Dodgers ɗin, a wasannin ƙarshe na 2024 Ohtani ya ji ciwo a kafaɗa bai taɓuka abin kirki ba, Freddie Freeman ne ya ɗauki nauyin. A na 2025 kuma ɗan ƙasar su Ohtani mai jifa, Yoshinobu Yamamoto, shi aka zaɓa gwarzo.

Sai wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano, wanda tambayarsa irin ta 'yan kasuwa ce. Ya ce in ɗan wasa ya karye ko ya tsufa kafin wa'adi ya cika, ana iya soke ciniki?

Alhaji, ba a sokewa. A babbar gasar besbol irin wannan kwantiragi tabbatacce ne, ko mutum ya buga ko yana kwance sai an biya shi. Ga kuma wani tarko: ɗan wasa ba ya samun 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi tayi sai ya yi shekara shida a gasar. Yawancinsu lokacin sun doshi talatin. Ma'ana, shekarun da yake kan ganiyarsa wata ƙungiyar ce ta ci moriyarsu da araha, mai sayen tsada kuma shi zai yi rakiyar gangara. Albert Pujols ya yi tashe a Cardinals ta St. Louis, gwarzon shekara sau uku, kofi biyu. Angels ta ba shi miliyan 240 na shekara 10 a ƙarshen 2011 yana dab da cika 32. Sau ɗaya tak suka je zagayen neman kofi da shi, a 2014, ba su ci wasa ko ɗaya ba, kuma a watan Mayun 2021 suka sallame shi suna ci gaba da biya. Na Stephen Strasburg ya fi ban tausayi. Ya ciyo wa Nationals ta Washington kofi a 2019, aka ba shi miliyan 245 na shekara bakwai, daga nan wasa takwas kawai ya sake jifa kafin ciwo ya raba shi da sana'ar.

Ni dai in ni ne mai ƙungiya, abin da zan fara dubawa takardar haihuwa ce, sannan in dubi sauran 'yan wasan da nake da su, sannan aljihuna. Gasar ba ta ƙayyade albashi, haraji kawai ake ɗora wa wanda ya wuce wani adadi, wanda a 2024 dala miliyan 237 ne. Dodgers mai yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 8 za ta iya yin kuskure ɗaya ko biyu ta share. Ƙaramar ƙungiya kuskure ɗaya sai ya durƙusar da ita shekaru.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani ɗalibi a Garwa: har yanzu Ohtani ne ke riƙe da kambun tsada? A'a ɗan'uwa. Shekara guda bayan nasa, Mets ta New York ta ba Juan Soto, ɗan Jamhuriyar Dominika, dala miliyan 765 na shekara 15, kuma babu jinkirin biya. Abin da ya ja masa wannan farashi shi ne shekarunsa 26 kacal a lokacin, domin tun yana 19 ya shiga gasar. A kakarsa ta farko, 2025, ya buga ƙwallo ta haye katanga sau 43, amma Mets ta ƙare da nasara 83 a wasa 162, ba ta samu gurbin neman kofi ba. Bayan wannan kakar, saura masa shekara 14.

Nan za mu dasa aya, lokaci ya ci mana. Sauran wasiƙun suna nan a jaka sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.