Mutum ɗaya a ɗakin jinya ya fi sabuwar doka

Jama'a masu sauraro, duk sanda aka tayar da maganar ƙarancin ƙoda da hanta da zuciya da za a dasa wa marasa lafiya, magani biyu ake jefowa: a yi doka, a wayar da kan jama'a. Dokar da ake nufi ita ce wadda ke ɗaukar kowane baligi ya amince a cire gaɓoɓinsa bayan rasuwa, sai fa in ya rubuta ƙin yarda tun yana raye. Hujjar kuma kullum ɗaya ce, wai ai haka Sifaniya ta yi har ta zama ta ɗaya a duniya. Wannan magana ta ishe ni, domin tarihin da ake jingina da shi bai faɗi haka ba.

Sifaniya ta yi dokar tun 1979. Ta shekara goma da ita, abin bai taka kara ya karya ba. A 1989, cikin kowane mutum miliyan ɗaya, mamata kusan 14 kacal ake samun gaɓoɓinsu. A shekarar aka kafa hukumar dashe ta ƙasa, ONT, a hannun likitan ƙoda Rafael Matesanz. Zuwa 2024 adadin ya haura 52, an yi dashe fiye da 6,000 a shekara guda. Har gobe kuma likitocin ƙasar ba sa taɓa mamaci sai sun zauna da iyalinsa. Ingila ta ɗauki irin dokar a 2020, ba ta ko kama hanyar cim ma Sifaniya ba.

Abin da Matesanz ya yi shi ne ya ajiye jami'i a cikin asibitoci, galibi likitan sashen kulawa ta musamman tare da ma'aikacin jinya, aikinsa kada a yi asarar mamaci ko ɗaya da za a iya amfana da shi. Ba ya cikin masu tiyatar dashen, kuma ba a ƙarƙashinsu yake ba.

Ga dalilin da ya sa a sashen kulawa ta musamman ake komai. Wanda ya rasu a gida, gaɓoɓinsa na lalacewa cikin mintuna da tsayawar jini. Wanda ake iya amfana da shi yawanci mutum ne da ya bugu a ka a hatsari, ko jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, yana kan na'urar numfashi. Irinsu 'yan ƙalilan ne ƙwarai cikin masu rasuwa a asibiti. In ba wanda ya kira jami'in da wuri, shi ke nan, an rasa ƙoda biyu da hanta da zuciya da huhu da sauransu, waɗanda za su iya ceton rai har takwas. Shi ya sa a Sifaniya ake bin fayil ɗin masu rasuwa a wannan sashe ɗaya bayan ɗaya, a gano inda aka yi sake. Wace tallar rediyo ce za ta yi wannan aiki?

Sai tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, wato ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, kuma nan ba wurin gaggawa ba ne. Dole a fara tabbatar da cewa ba maganin barci ba ne ke aiki a jikinsa, ba kuma sanyin jiki ba ne ya kwantar da shi. A haska ido a ga ko ƙwayar za ta tsuke, a taɓa saman idon a ga ko zai ƙifta, a zuba ruwan sanyi a kunne, a taɓa maƙogwaro a ga ko zai yi tari. Daga ƙarshe a cire na'urar na 'yan mintuna ana ba shi iskar oksijin, ana auna jini, a ga ko zai ja numfashi da kansa. Likitocin da ba ruwansu da dashen ne ke yin wannan gwaji, don kada zargi ya shiga.

Bayan nan ne ake yawan ɓarna, kuma ba a cika faɗa ba. Ƙwaƙwalwa na mutuwa, jiki ya rikice: bugun jini ya faɗi, zafin jiki ya sauka, fitsari ya riƙa kwarara lita bayan lita, gishirin jini ya hau. In ma'aikata suka ce ai ya riga ya rasu suka juya ga wani gado, cikin 'yan sa'o'i zuciya ta tsaya. Ana buƙatar ƙarin ruwa, da maganin ɗaga bugun jini, da maganin desmopressin don tsayar da fitsarin, da bargon ɗumi, da mai tsayawa a kai dare da rana. Da an cire gaɓoɓin kuma, agogo ya fara gudu: zuciya sa'a 4 zuwa 6, hanta kusan 12, ƙoda tana iya kai kwana guda, amma iya daɗewarta a ƙanƙara, iya jinkirin tashinta a jikin sabon mai ita.

Iyali fa? Kuskuren da aka fi yi shi ne a sanar da rasuwa a roƙi gaɓoɓi a numfashi ɗaya, a tsaye, a bakin ƙofa. Uwar da ke ganin ƙirjin ɗanta na ɗagawa, jikinsa da ɗumi, ta yaya za ta yarda ya tafi? A zaunar da su, a yi bayani har su gamsu cewa ya rasu, a ba su lokaci, sannan wanda aka horar ya buɗe zancen. Ko da hakan wasu za su ƙi, haƙƙinsu ne.

A Najeriya ana dashen ƙoda tun 2000 a Legas, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, amma kusan duk ƙodar daga rayayye take fitowa, ɗan'uwa ko ƙanwa. Wanda ba shi da mai ba shi, sai wankin ƙoda har kuɗi su ƙare, masu hali kuma su faɗa neman saye, kamar yadda shari'ar Sanata Ekweremadu a Landan ta tona a 2023. Masu cewa addini ne ya tare hanya su sake bincike: Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yi hukunci kan mutuwar ƙwaƙwalwa a Amman a 1986, ta kuma halatta ɗauka daga mamaci a Jidda a 1988, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, ba tare da ciniki ba.

Don haka kafin wani ya sake kawo mana ƙudirin doka, ya faɗa mana asibitin da ke da na'urar numfashi da wutar da ba ta ɗaukewa, da na'urar auna iskar jini da ƙarfe biyun dare, da ɗakin gwajin dacewar jiki, da jerin masu jira wanda ɗan babba ba zai tsallake ba. Sannan ya faɗa mana wane ne jami'in da za a kira, da kuma wanda zai biya albashinsa.