Gibin kasafin kuɗi: wa zai taka wa gwamnati burki?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka, Madina da Jidda. Gibin kasafi shi ne gwamnati ta kashe fiye da abin da ta samu, ta cike sauran da bashi. A 2015, da man fetur ya karye, gibin Saudiyya ya kai riyal biliyan 367. Aka ce za a toshe shi kafin 2019 ta ƙare, sannan aka ɗage zuwa 2023. Daribar (harajin kaya) da muke gani a rasit ɗin bakala (kantin unguwa) a wannan tsakanin ta zo: kashi 5 a 2018, kashi 15 a 2020.

Wannan dai alƙawari ne. To waɗanda suka rubuta iyakar a doka fa?

Tun 1992 Tarayyar Turai ta yarda kada gibin ƙasa ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, daga baya aka tanadi tara. A 2003 Jamus da Faransa suka ƙetare iyakar. Su wa ke yanke hukunci? Ministocin kuɗin ƙasashen, kowa ya san gobe kansa za a zo. An ba kura ajiyar nama ke nan. Aka jingine maganar. A 2016 aka samu Sifaniya da Fotugal da laifi, ba a karɓi ko sisi ba. Ni ban ma ga laifinsu sosai ba, don cin tarar mai gibi ƙara masa gibi ne.

A Najeriya kuwa, dokar 2007 ma kashi 3 ta ce, amma ta bar ƙofa idan tsaron ƙasa na cikin haɗari. Babban Banki an hana shi ranta wa gwamnati fiye da kashi 5 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabaci rancen. Rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, a 2023 majalisa ta mai da shi bashin shekara 40.

Jamus ce ta fi tsanani, a kundin tsarin mulki ta saka tata iyakar a 2009. Kotu ma ta yi aiki da ita a 2023, ta hana gwamnati karkatar da yuro biliyan 60 na korona zuwa wasu ayyuka. A Maris 2025 majalisa ta gyara kundin, aka sassauta wa kuɗin soja.