Darasin yau: yadda ake manna fasassun tangaran a bango irin na hasumiyar Wat Arun

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau aikin farar ƙasa za mu yi, babu siminti ko cokali ɗaya, in kun ga dalili za ku yarda da ni. Kai matso da kyamarar nan su ga hoton tukuna.

To wannan ita ce Wat Arun, wurin bautar mabiya addinin Buddha a birnin Bankok na ƙasar Tailan, a bakin kogin Chao Phraya ta ɓangaren Thonburi. Tsohon wuri ne tun zamanin daular Ayutthaya, da aka rusa Ayutthaya a 1767 sai Sarki Taksin ya kafa gwamnatinsa a Thonburi, wurin ya zama na fada. Amma doguwar hasumiyar nan ta tsakiya da ta haura mita 60, Sarki Rama na 2 ne ya fara ɗaga ta, Rama na 3 ya ƙarasa wajen 1851. Daga nesa kaman fenti ne ko? To fasassun farantai ne da kwanukan tangaran na Sin, da bawon dodon koɗi, aka jera su fure-fure, ana cewa ma wasu tangaran ɗin a gindin jiragen ruwan 'yan kasuwa suka zo don su riƙe wa jirgi nauyi. Har a jikin tsohuwar tsabar kuɗinsu ta baht 10 ta zamanin Sarki Rama na 9 an sa hoton hasumiyar.

Toh mu zo kan aiki. Nawa kwaɓin na riga na yi, kashi ɗaya farar ƙasa da ta daɗe a jiƙe, kashi uku yashi mai laushi da aka tankaɗe, wannan kowa ya sani. Su magina na Tailan a gargajiyance har da ruwan rake da gam ɗin fata da zaren takarda suke zubawa su daka a turmi, kusan yadda magabatanmu ke yi wa bango makuba. Ni dai ɗan ruwan mazarƙwaila kawai nake sawa, hannuna ya fi sabawa da shi. Sa safar hannu don Allah, farar ƙasa tana cin fata, in ta faɗa ido kuma abin ba daɗi.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. Bangon jan bulo ƙishirwa gare shi, in ka shafa kwaɓi a kansa a bushe zai zuƙe ruwan nan take, ka manna tangaran ka ga ya zauna daram, sati biyu ya fara zubowa. Sai ka jiƙa bangon tun daren jiya, da safe ka sake fesawa, ka jira har sheƙin ruwan ya ɗauke amma in ka ɗora tafin hannu ka ji sanyi. Shi ma tangaran ɗin a jiƙa shi a bokiti. Ka shafa kwaɓin kaurin yatsa, a'a tsaya, wannan ɓangaren ya yi kauri, bari in rage da cokali, yawwa. Sai ka danna da babban yatsa, in kwaɓin ya manne a yatsan to da saura, in ya lotsa bai manne ba to lokaci ya yi. Ka ɗauki gutsuren ka tura kana ɗan murzawa har kwaɓin ya taso ya rungumi bakinsa ta ko'ina, don bakin nan shi ke hana ruwan sama shiga baya. Kun gani? Gindin kofi a tsakiya, gutsattsarin faranti kewaye, fure ya fito. Gyaran baki da filaya kuma kun iya.

Me ya sa na hana siminti? Tsohon bulo yana shan danshi daga ƙasa, balle gini a bakin kogi, farar ƙasa tana barin danshin ya fita, siminti kuwa rufe shi yake a ciki, gishiri ya taru, bulon ya ruɓe a ɓoye. Ita farar ƙasa iska take sha a hankali tana ƙarfi, shi ya sa za ka rufe da jiƙaƙƙen buhu kana yayyafawa na kwanaki.

Gyaran da Sashen Fasaha na gwamnatin Tailan ya yi wa Wat Arun daga 2013 zuwa 2017, da aka sauke katakan hawa mutane suka yi ta surutu wai an mai da ita fara fat, wai an kashe mata tsufa. Hukumar ta ce kamanninta na asali ta bi. Ni a ganina farin ba laifi ba ne, sabuwar farar ƙasa dole ta yi fari, damina ce za ta rina ta. Abin da zan duba a irin wannan gyara shi ne tsohon tangaran nawa aka mayar mazauninsa, don gutsuren da ya shekara fiye da 150 in ka sauya shi da sabo ya tafi ke nan.

Masu tambayar jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, akwai a shago, bokiti babba da ƙarami, an riga an tace, ba sai kun jira watanni ba. Kai miƙo min soson nan in goge fuskar tangaran ɗin kafin kwaɓin ya kama, da ruwa kaɗan kawai za ku goge, kar ku dirza.