Darasin ɗaga ƙarfe: gyaran inda kake maƙalewa ko ƙara ƙarfin jiki gaba ɗaya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Iliya ɗan ja wayar baya kaɗan benci ya fito gaba ɗaya... yauwa, tsaya nan. Yau daga nan Gaya tambaya za mu amsa, wani ɗan uwa ne ya turo daga wajen Ringim, ya ce shi nauyinsa kilo 68 ne, bencinsa ya tsaya a kilo 70, duk lokacin da ya sauko da ƙarfen ƙirji ya tura sai ya cije a tsakiya, wane atisaye zai yi ya gyara wannan wurin. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kullum sai an yi min irin wannan tambayar, wani a skwat (tsugunnawa da ƙarfe a kafaɗa ka miƙe) wani a dedlif (ɗago ƙarfe daga ƙasa ka miƙe tsaye).

To ɗan uwa kar ka ji haushina, amma a kilo 70 ba wuri ɗaya ne ke da rauni a jikinka ba, jikin ne gaba ɗaya bai ƙosa ba tukuna. Wannan wurin da kake cijewa, ɗan sama da ƙirji kamar tsawon yatsa ko fiye, kusan kowa nan yake cijewa, haka gaɓoɓin mutum suke, nan ne dantse da kafaɗa suke a kusurwar da ba su da ƙarfin turi sosai. Duk wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, ko zakaran duniya ne, a irin wurin nan ƙarfen zai tsaya. Haka a skwat, da ka taso daga ƙasa kaɗan sai ka ji kamar an danne ka. Don ƙarfe ya tsaya a nan ba shi ke nuna akwai wani nama guda da ya lalace ba.

Manyan masu horarwa ma sun rabu a kan zancen nan. Akwai Louie Simmons na Westside Barbell a garin Columbus, jihar Ohio ta Amurka, ya rasu a 2022. Shi tsarinsa ka nemo raunin ka yi ta dukansa, ana yawan canza salon ɗagawa, yau skwat a kan akwati, wani satin benci da katako a ƙirji, ga sarƙa ga roba ana rataya wa sanda, sannan aikin bayan dantse da bayan cinya kamar ba gobe. Ya fitar da ƙarfafa, babu musu. Amma abin da samari ba sa lura da shi in sun kalla a YouTube, yawancin mutanensa da wata riga mai tauri suke gasa, wadda take taimaka maka daga ƙasa ta cillo ƙarfen sama, don haka wahalarsu a ƙarshen turi take, shi ya sa suka duƙufa a kan katako da sarƙa. Kai da singileti kake ɗagawa, wahalarka a ƙasa take. Sannan akwai Boris Sheiko na Rasha, wanda ya horar da tawagar ƙasarsu, shi kuma maimaita ɗagawa ukun nan, benci da skwat da dedlif, ne kawai da yawa, benci sau da yawa a sati, yawanci da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na iyakar ƙarfinka, ba a cika kaiwa inda za ka gaza ba. Shi ma yana saka 'yan gyare-gyare, amma tuwon shi ne ainihin ɗagawar, gyaran miya ne. Ni dai a wurinmu nan, da irin kayan da muke da su, ɓangaren Sheiko na fi karkata, har sai mutum ya kai yana skwat da ninki ɗaya da rabi na nauyinsa, dedlif ninki biyu, benci ya wuce nauyin jikinsa sosai. Wannan ma'aunina ne ni, ba dokar gasa ba ce.

Kafin ma mu kwanta, ku auna kayanku dan Allah. Sandar gasa kilo 20 ce cif, tamu kuwa ta mai walda ce, farantan wasu na siminti ne wasu ƙarfen mota. Ku kai wajen masu sayen riɗi ko masu hatsi a ɗora muku a sikeli, ku rubuta da fenti a jikin kowanne. Akwai yaron da ya daɗe yana ce min hannunsa na hagu ne rago, sanda kullum tana karkata, da aka auna ashe simintin gefe ɗaya ya ɓare, ɗayan ya fi shi nauyi, kuma kullum a hagu yake saka mai nauyin.

To Iliya saka mana 55. A'a cire wannan ƙaramin, 52 da rabi nake so, wato kashi 75 na mai kilo 70 kenan. Riƙo da kafa ƙafa kun san su, ba sai na tsaya ba. Abin da zan daɗe a kai shi ne allon kafaɗa da tsayawa a ƙirji. Kafin ka ciro sandar, ka haɗe allunan kafaɗarka biyu ta baya ka ja su ƙasa wajen ƙugu, ka danna su cikin benci, kuma su zauna a haka har ka gama. Matsalar ita ce wajen ciro sandar daga ƙugiya mutane suke sakin su, ka miƙa hannu sama ka ɗauko, shikenan kafaɗa ta buɗe tun ba a fara ba. Shi ya sa ƙugiyar kar ta yi tsayi da yawa, ko wani ya miƙo maka. Kalli nan, ban ɗaga ta sama ba, janyo ta na yi ta zo saitin kafaɗa. Ja numfashi ka cika ciki, riƙe. Sauko a hankali zuwa ƙasan ƙirji... tsaya... tura. Wannan tsayawar ba hutu ba ce, ƙarfen yana taɓa riga ne kawai, nauyin har yanzu a hannunka yake, ba ka sake shi ya nutse cikin haƙarƙari ba. Idan ka saki jiki a nan, wallahi ko wane atisayen gyara ka yi a tsakiya za ka cije, don ba ka taso da gudu daga ƙasa ba. A gasa ma sai sanda ta tsaya cak a ƙirji alƙali ya ba da umarni kafin ka tura, ɗuwawu kuma ba ya barin benci. Ku nemi bidiyon Folashade Oluwafemiayo, 'yar Najeriya da ta ci zinare a gasar nakasassu ta Paris a 2024 da kilo 167, ƙafafunta a miƙe kan benci babu turin ƙafa ko kaɗan, ku kalli yadda bayanta yake a ɗaure.

Don haka mai kilo 70, ga aikinka: benci sau uku a sati, zagaye biyar sau biyar-biyar da 52 da rabi, kowane ɗaya da 'yar tsayawa a ƙirji, ka tashi kana jin da sauran turi biyu a jikinka. In ya yi sauƙi ka ƙara kilo biyu da rabi, ba goma ba. Ka haɗa da jan ƙarfe don gadon baya. Gwada iyaka kowace Juma'a don abokai na kallo, ka bar shi, shi ke cin kafaɗa.

Wanda kuma ya riga ya yi nisa, ya daɗe a wuri ɗaya, ya ɗauki kansa a waya ta gefe ya ga kullum wuri ɗaya ne, to shi ne mai gyara. In a ƙirji ne, tsayawa mai tsawo, ka ƙirga uku. In a ƙarshen miƙe hannu ne, matso da riƙo ciki don bayan dantse. Dedlif da ya ƙi barin ƙasa, hau kan katako mai kaurin yatsa biyu ka ja daga nan, in a gwiwa yake tsayawa ɗora farantan kan bulo. Guda ɗaya za ka zaɓa, bayan ka gama ainihin ɗagawar, ka ba shi kamar sati shida kafin ka yanke hukunci.

Wani abin kuma, yanzu lokacin girbi ne, mutum ya wuni yana yankan gero yana ɗaukar dami, ya zo da yamma ƙarfe ya ƙi tashi ya ce bayansa ne mai rauni. Gajiya ce malam. Rage nauyi a watannin nan, ka ci wake, ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, ka sha nono, ka yi barci da wuri.

Masu tambayar bel ɗin da ke ƙuguna, badukun nan garin ne ya ɗinka mana da fata mai kauri, faɗinsa santimita 10 daidai iyakar da dokar gasa ta yarda, gaba da baya faɗi ɗaya, ba irin na kasuwa mai siririn gaba ba da ciki ba ya samun abin tokara. Akwai sauran kaɗan, mai so ya auna cikinsa ta saitin cibiya, ba ƙugun wando ba, ya yi min magana, muna ba direbobin tasha su kai Dutse, Wudil ko Kano. Allin shafa wa hannu ma akwai.

Iliya jingine wayar a kan bulon can ka zo ka tsaya a kaina, zan nuna musu mai ƙirga ukun. Ƙara biyu da rabi kowane gefe, ka ɗaure da kyau. Kar ka taɓa sandar sai na ce ɗauka.