Maƙerin da Bai Tafi Abijan Ba

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi a Tawa, ranar sadakar arba'in ta marigayin)

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, Allah ya gafarta muku. Ƴan'uwa, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

An ce in yi magana a kan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda yau kwana arba'in ke nan da muka kai shi makwancinsa. Maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma ni na ja masa zuga-zugi tun hannuna bai iya ɗaga masaba ba.

Kun san halinmu mutanen Adar. Da an zuba gero a rumbu, samari sun ɗauki jaka: wane Abijan, wane Legas, wane Libiya. Ba na ganin laifin mai tafiya bida, gidaje da yawa a garin nan kuɗin bida ne ya gina su. Amma shi bai tafi ba, kuma zaman nan nasa ba hutu ba ne.

Dattawan da ke nan sun tuna 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari. Ruwa ya ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, wanda ba shi da abin tuwo kuwa ina zai sayi hauya? Abokansa suka watse. Shi ya koma ƙera wuƙa da murhu, yana gyaran diga ga masu aikin farfaɗo da ƙasa, don a shekarar ce aka soma aikin Keita da kuɗin Italiya. Da manoman Illela suka kama haƙar tassa, wato ƴan ramukan shuka masu tara ruwan sama, a fako, sai ya riƙa yi musu hauya mai kauri wadda ba ta lanƙwashewa a ƙasa mai tauri.

Ina ganinsa har yanzu. Gawayin ƙirya yake so, wai wutarsa ta fi daɗewa. Ya zaro ƙarfen tsohuwar mota da awartaki, ja wur, ya ɗora a uwar maƙera. In ya gama, ya ƙwanƙwasa hauyar ya kasa kunne. In ƙarar ba ta yi masa ba, wuta za ta koma, ko mai ita na tsaye yana sauri.

Bazara kuwa bashi yake bayarwa, sai kaka a biya shi da tiyar gero. A Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, ƙarfe ya yi tsada, amma ko dala bai ƙara wa mai tsohon bashi ba. Wannan ni shaida ne, don ni ke riƙe masa lissafi.

Samari, ku matso, a nan nake so ku ji ni. Da la'asar sakaliya wuta ta mutu a maƙera, ko jikka nawa aka ajiye masa. Bayan magariba tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya, shi da ƴaƴansa. Hannun nan mai tabon ƙuna shi ke gutsura wa ƙarami tuwo, shi ke buɗe littafin lakwal na ƴarsa, alhali bokon bai iya ba, jan alƙalamin malam kawai yake dubawa. Matarsa, Inna, ba ta taɓa jiran saƙon kuɗi daga wata ƙasa ba; maigidanta na zaure.

Ya bar hauya ɗaya ba ƙota. Makon jiya mai ita ya zo daga Bambay, babban ɗansa ya hura wuta ya ƙarasa ta, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

Malam, a yi mana addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.