Me Ya Sa Sai An Zuƙo Ɓargo Kafin A Tabbatar Da Sankarar Jini?

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Likita, sannu da zuwa. Tambayar da ke damun mutane na zo maka da ita yau. An ɗebi jinin mutum, an ga fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa, me zai hana a fara magani nan take? Sai a ce wai sai an taɓa ƙashi.

Dakta Sani: Yauwa Malama Hauwa, mun yini lafiya? Ai gwajin jini nuni kawai yake yi, don ko wata cutar ce ta shiga jiki tana iya tayar da fararen ƙwayoyin nan. Shi kuwa jini a cikin ɓargo yake samuwa. To in ana zargin lukimiya ko mayeloma, wato wasu nau'o'in sankarar jini, can ake zuwa a duba.

Hauwa: Wallahi jin sunan kaɗai sai tsikar jikina ta tashi. Yaya ake yi?

Dakta Sani: Mutum zai kwanta a gefe ɗaya. A wanke bayan ƙugunsa, a yi masa allurar kashe zafi har zuwa kan ƙashin, sannan a shigar da wata allura a zuƙo ruwan ɓargo kaɗan. Lokacin zuƙowar nan akwai zafi, kamar an fizgi abu daga ciki, amma na 'yan daƙiƙoƙi ne. Sai a ciro ɗan siririn ƙashi mai ɓargo, kamar santimita 2.

Hauwa: Wasu suna tsoron kada ƙafa ta shanye.

Dakta Sani: Wurin ya yi nisa da laka. Kuma abin da aka ɗiba jiki yana mayar da shi.

Hauwa: To wanda kaluluwa ce ta fito masa a wuya ko hammata, ta ƙi bajewa fa?

Dakta Sani: Nan limfoma ake tunani, wato sankarar kaluluwa, kodayake tarin fuka ma yana kawo haka. An fi son a ciro kaluluwar ɗungurungum, saboda mai dubawa a madubin likita yana so ya ga yadda ƙwayoyin suka jeru a cikinta, abin da 'yar siririyar allura ba ta cika nunawa ba. Kuma ina roƙon masu sauraro, kada a ba irin wannan majiyyaci magunguna irin su prednisolone kafin a ciro naman, sai dai in likita ya ga dole. Kumburin zai sace na ɗan lokaci, kowa ya yi murna, alhali an ɓatar da sawun cutar ne.

Hauwa: Allah sarki. To in an gani a madubi, ina ce magana ta ƙare? Gwajin ƙwayoyin gado kuma na mene ne?

Dakta Sani: Shi ke faɗa mana maganin da zai ci. A 1960, Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya na Amurka suka lura da wani guntun kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a jikin masu wata lukimiya mai tafiyar hawainiya, CML. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar ɓangarori. Wannan musayar ce ke sa ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsayawa. A 2001 aka amince da imatinib, ƙwayar da ake haɗiya kullum ta toshe wannan hanyar. Yau da yawa daga masu cutar suna rayuwarsu, suna zuwa aiki.

Hauwa: Ikon Allah! Ke nan mutum biyu za a ce musu lukimiya, amma maganinsu daban.

Dakta Sani: Ƙwarai. Akwai wata lukimiyar mai suna APL, musayar tsakanin kuromosom na 15 da na 17 take. Tana iya kashewa cikin kwanaki saboda zubar jini, shi ya sa ita da an zarge ta ake fara magani tun sakamako bai fito ba. Amma in aka kama ta da wuri, tana cikin waɗanda suka fi jin magani.

Hauwa: Da ka ce ƙwayoyin gado, iyaye za su ce to 'ya'yanmu fa?

Dakta Sani: Su kwantar da hankalinsu. Galibin sauye-sauyen nan daga baya suke faruwa, a cikin ƙwayoyin cutar kaɗai, ba a haifi mutum da su ba, kuma ba zai gadar ba. Akwai 'yan kaɗan da ke bin dangi, shi ya sa muke tambaya ko wani a gidan ya taɓa yin irin ciwon.

Hauwa: In sakamako ya fito, me majiyyaci zai tambaya?

Dakta Sani: Ya nemi cikakken sunan nau'in cutar, a rubuta masa. Ya tambaya ko an yi gwajin kuromosom. Sannan ya karɓi kwafin takardar ya adana, don duk likitan da zai gani nan gaba ita zai fara nema.

Hauwa: Mun gode Likita, Allah Ya saka da alheri. Marasa lafiya kuma Allah Ya ba su sauƙi.

Dakta Sani: Amin, Malama.